Sarin Tamil Nadu a kasuwar Sakkwato: yaushe ake sayo shi, kuma wa zai saya?

Maman Nana, Runjin Sambo:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da shagon laffaya da mayafai a Babbar Kasuwa, kuma ina son in ƙara da sari na kudancin Indiya, irin wanda ake saƙawa a jihar Tamil Nadu. Ƙanena yana karatu a Chennai, babban birnin jihar, shi zai riƙa duba mini kaya. Ya ce kasuwar tufafi a can da bukukuwan addininsu take tafiya, wani lokaci kaya su yi araha, wani lokaci ba a ma samun wurin taka ƙafa a shago. Don Allah masu sani: wane lokaci ya kamata in saya? Wane iri zan fara da shi, guda nawa? Yaya ake gane siliki na gaske? Sannan ko zan iya sayar wa su Indiyawan da ke zaune a Najeriya idan bikinsu ya zo?

Alhaji Mai Yadi:

Wa alaikumus salam Hajiya. Ƙanenki ya faɗa miki gaskiya. Ki fara riƙe kalandarsu kafin ki riƙe kuɗi.

Lokuta huɗu ne ke juya kasuwar. Na farko watan Aadi, daga tsakiyar Yuli zuwa tsakiyar Agusta. Mabiya addinin Hindu na Tamil ba su cika ɗaura aure ko tarewa a sabon gida a cikinsa ba, don haka ciniki kan ja baya, manyan shaguna su karya farashi don su kwashe tsohon kaya kafin sabo ya shigo. Ragin Aadi sananne ne a duk jihar. Na biyu Navaratri, bikin ibada na darare tara, a ƙarshen Satumba ko cikin Oktoba. Na uku Deepavali, bikin fitilu, wanda shi ne uban tafiyar: kowa a gida sai ya sa sabon tufa da asubar ranar, bayan wankan mai. Na huɗu Pongal, bikin girbi na kwana huɗu, babbar ranarsa 14 ko 15 ga Janairu. Akwai sabuwar shekararsu a 14 ga Afrilu, amma ba ta kai waɗannan motsa kasuwa ba.

Abin lura: Pongal da Aadi da rana suke tafiya, kusan ba su gusawa. Deepavali kuwa da ɓuyan wata yake tafiya, shi ya sa ya faɗo 31 ga Oktoba a 2024, 20 ga Oktoba a 2025, sannan 8 ga Nuwamba a 2026. Kowace shekara sai kin duba.

Shawarata, ki saya a Aadi. Makonni uku kafin Deepavali kada ki tura yaron nan T. Nagar, wato unguwar manyan shagunan Chennai, wajen titin Ranganathan da Usman. Ba mai lokacin warware masa sari ya duba baya da gaba, ba mai yi masa ragi, kuma kalolin da anka fi so sun riga sun ƙare. Masu saƙa ma tun watanni kafin nan manyan shaguna sun kama su da aiki. Sarin siliki na hannu guda yana cin kwana goma zuwa mako biyu ko fiye a kan masaƙa, ba abin da za a ce a yi miki ashirin cikin gaggawa ba ne. Ƙari a kan haka, damina mai ƙarfi ta Tamil Nadu daga Oktoba zuwa Disamba take. Laima tana sa zare ya riƙa kamawa, masu saƙa a rami ruwa kan shigar musu, aiki ya yi jinkiri. A Disamba 2015 ambaliya ta tsayar da Chennai gaba ɗaya, har filin jirgi sai da anka rufe. Kayan da kike so don Janairu, ki kammala maganarsu tun Satumba.

Amma ragin Aadi da ƙaya a cikinsa. Kaya ne da sunka daɗe a ninke. A warware duka, a ɗaga wajen haske, a bi layin ninki. Idan layin ya yi fari ko ya yi sirara, zaren ya fara karyewa, kuma a nan zai yage. A duba zaren zinariyar ko ya yi duhu a wurin da hannu ke yawan taɓawa.

Akwai kuma shagunan Co-optex, na ƙungiyar masaƙan hannu ta jihar, wadda ke nan tun 1935. Su a lokacin Deepavali da Pongal suke ba da ragi, yakan kai kashi 30 cikin ɗari. Farashinsu a rubuce yake, don haka ko ba ki saya a wurinsu ba, ƙanenki ya shiga ya ga farashi, ya san ma'aunin da zai yi ciniki da shi a wani wuri.

Batun kawowa. Ta ruwa zuwa Apapa ko Tin Can, ki ƙiyasta wata biyu har da fitarwa daga hannun kwastan da hawowa Arewa, ga takardun Form M na shigo da kaya da sauransu. Wannan na mai kwantena ne ko mai haɗa kaya da wasu. Mai farawa jirgin sama ya fi mata. A nan kuskuren da aka fi yi shi ne barin kowane sari cikin kwalinsa na ado. Kamfanonin jigila ba nauyi kaɗai suke aunawa ba, har da girma: tsawo sau faɗi sau tsayi a santimita, a raba da 5,000 ko 6,000, duk wanda ya fi yawa tsakanin wannan da ainihin nauyi shi za ki biya. A cire kwalayen. Kuɗin fito kuwa ki tambayi wakilin kwastan a makon da za ki aiko, don yana canzawa. Kuma Indiya tana gaba da mu da awa huɗu da rabi, idan kina son ya nuna miki kaya ta bidiyo da hasken rana, ki kira shi da hantsi.

Hajiya Mai Lefe, Mabera:

Sannu da ƙoƙari Alhaji. Ni bari in ɗauki batun iri da gane na gaske, domin a nan ake cin kuɗin mutane.

Sarkin su duka shi ne na Kanchipuram, gari mai nisan kilomita kamar 70 daga Chennai. Zaren silikin yawanci daga jihar Karnataka yake zuwa, zaren zinariyar da suke ce wa zari kuma da yawansa daga birnin Surat. Abin da ya bambanta shi: jikin sarin daban, bakinsa daban, kowanne da kalarsa da ƙoshiyarsa, ana sarƙa su a kan masaƙa layi bayan layi. Korvai suke kiran wannan aiki, kuma sau da yawa mutum biyu ke zama a kansa. Juya sarin ta baya, ki bi inda baki ya haɗu da jiki. Za ki ga 'yan haƙora ƙanana inda zare biyu suka rungumi juna. Idan kika ga ɗinkin keke a wurin, ko kika ga kalar jikin ta ratsa cikin bakin an rina ta daga baya, ba korvai ba ne, kada ki biya kuɗinsa. Haka wurin da aka haɗa pallu, wato ƙarshen da ake yafawa a kafaɗa mai yawan ado, akwai layin haɗi da ake gani ta baya.

Bayan Kanchipuram akwai na Arani da na Thirubuvanam, su ma siliki ne na gaske, na Arani ya fi sauƙin nauyi. A auduga akwai Sungudi na Madurai, mai ɗigo-ɗigo da ake yi ta hanyar ɗaure da rini, kamar adire. Akwai Kandangi na yankin Chettinad, mai kauri da manyan gidajen dara. Akwai Kovai Cora na wajen Coimbatore, haɗin siliki da auduga. Sai na inji, daga Elampillai kusa da Salem da kuma Surat, masu sheƙi kamar siliki amma roba ce. Ba laifi ba ne a sayar da su, su ne ma za su fi fita a nan. Laifin a kira su siliki.

Gwajin zare: a ƙarshen sari akwai sauran zare da ke reto. A ciro biyu, ɗaya na tsaye ɗaya na kwance, domin akan yi na tsaye roba na kwance siliki. A kunna ashana. Siliki yana ci a hankali, yana warin ƙonannen gashi, ya mutu da an janye wuta, tokarsa ta murmushe tsakanin yatsu. Roba tana narkewa ta dunƙule baƙa ƙirin, ba ta murmushewa. Auduga da reyon, wato zaren masana'anta mai kwaikwayon siliki, suna ci da sauri da warin takarda. Na reyon ɗin ne ke ruɗar mutane, don a ido yana sheƙi.

Zari kashi uku ne. Na asali: zaren siliki, galibi ja, an naɗe shi da siririyar wayar azurfa, an shafe da zinariya. Ƙa'idar da aka san shi da ita a da ita ce azurfa kashi 57 da zinariya 0.6, daga baya aka sassauta zuwa 40 da 0.5 saboda tsada. Na biyu jan ƙarfe ne a ciki, an yi masa wankan azurfa sama-sama, idan aka kankare za a ga ja. Na uku leda ce mai ƙyalli, wuta kaɗan ta narke. A Kanchipuram akwai wuraren da ake auna zari da na'ura, idan kayan masu tsada ne ya cancanci a kai.

Tambarin Silk Mark yana tabbatar da cewa zaren siliki ne, amma bai ce komai a kan zari ba. Handloom Mark kuma yana cewa da hannu aka saƙa, bai ce siliki ne ba. Mutane suna haɗa su wuri ɗaya, alhali kowanne da abin da yake shaida. A rubuta miki a rasit: siliki zalla ko gauraye, zari wane iri, saƙar hannu ko inji. Mai shagon da ya ƙi rubutawa ya riga ya ba ki amsa. Kuma duk wanda ya ce ga Kanchipuram na asali a rupi 1,500 na kuɗin Indiya, a gaishe shi a wuce. Wani abu kuma, ƙanenki kada ya bi direban keke-napep ko ɗan rakiya da ya tare shi a tashar garin ya ce zai kai shi wurin masaƙa. Ladan mai rakiyar a cikin farashin yake.

Awo: sari na yau da kullum mita 5.5 ne, idan da ƙyallen riga a jikinsa ya zama kamar 6.2 ko 6.3. Faɗinsa inci 45 zuwa 48. Akwai mai yadi tara, madisar, na matan Brahmin ne, wato ajin malaman addinin Hindu, a wajen aure da ibada, kada ki taɓa shi sai an yi oda. Nauyin Kanchipuram daga rabin kilo ne zuwa kusan kilo ɗaya.

In ni ce, guda 40 zan fara da su: 18 marasa nauyi irin shifon da jojet, 10 auduga, rabi Sungudi rabi Kovai Cora, 9 na inji masu baki mai ƙyalli, sai siliki na gaske 3 kacal don nuni, sauran sai wadda ta ba da rabin kuɗi a yi mata oda. Duka ba zai wuce kilo 25 ba idan an cire kwali.

Ɗan Illela:

Hajiya Maman Nana, tambayarki ta ƙarshe ba wanda ya taɓa ta, kuma ni a nan nake ganin za ki iya ɗaure kuɗinki a banza.

Indiyawan Najeriya galibinsu a Legas suke, musamman wajen Ilupeju, sai wasu a Kano da Abuja da Fatakwal. Ba dukkansu ne Tamil ba, kuma Pongal na Tamil ne. Matar Tamil da ke zaune a nan ta fi ki sanin sari nesa ba kusa ba. Silikinta takan sayo shi idan ta je gida hutu, ko 'yar uwarta ta zaɓa mata a shagon da kakarta ke saye. Ba za ta aiko Sakkwato neman Kanchipuram ba. Abin da za ta iya nema a hannunki shi ne ƙananan abubuwa na ƙurarren lokaci. A Navaratri matan Tamil suna jera gumaka da 'yan tsana a kan matakala, Golu suke ce masa, suna gayyatar mata maƙwabta, kowace baƙuwa a sallame ta da ganyen taunawa da kurkum da jar hoda da 'ya'yan itace, sau da yawa har da ƙyallen riga na santimita 80 zuwa mita ɗaya. Gida ɗaya na iya buƙatar ashirin ko talatin. Wannan ƙyallen ba nauyi, ba tsada, kuma idan bai fita ba telolinmu za su yi amfani da shi. Sai sarin auduga na kyauta, sai veshti, farin zanen maza mai bakin zinariya, sai siket da rigar siliki ta 'yan mata ƙanana. Waɗannan idan suna hannunki makonni uku kafin biki, kika tallata a WhatsApp da Instagram, mota ta kai Legas cikin kwana biyu ko uku, to akwai ɗan abin samu. Ranar biki ta wuce, ciniki ya mutu sai wata shekara.

Kala: kada ki tallata musu baƙi don biki, galibi ba su sa shi a ranar alheri. Fari fat marar baki kuma da takaba ake danganta shi. Ja, ruwan goro, rawaya, kore, ruwan mangwaro, shuɗi mai haske, su ake nema. Kuma sabo ake so dal, wanda ba a taɓa gwadawa a jiki ba, domin a gidaje da yawa sai an ɗiga masa kurkum a gefe an ajiye shi wurin ibadarsu kafin a sa.

Kasuwarki ta gaske matan nan ne: amare, masu haɗa lefe, masu kamu da ranar shigar Indiya, da 'yan Konni da ke shigowa sayayya. Su kuma abin da zai hana su saye shi ne zane. Sarin Tamil cike yake da ɗawisu, giwa, agwagwar ruwa da suke kira annam, da wata dabba mai kama da zaki, yali. Wani ma da hoton abin bautarsu a pallu. Mace ba za ta yi salla da shi ba, wata ko gidanta ba za ta shiga da shi ba. Ki gaya wa ƙanenki ya zaɓi mai zanen mangwaro, mai gidan dara, mai ratsi, mai fure, mai ɗigo. Wanga baki mai tsini-tsini kamar haƙoran zarto, su suna ɗaukarsa siffar hasumiyar ɗakin bauta. A ido dai kusurwa uku ce kawai, yawancin masu saye ba su damu ba, amma wadda ta tambaya ki faɗa mata gaskiya ta zaɓa da kanta.

Inda Alhaji ya ce a saya a Aadi na yarda, sai dai ki haɗa da namu lissafin. Kayan Agusta sun dace da aurarrakin bayan kaka da na Disamba. Azumi kuma yana matsowa da kwana goma sha ɗaya kowace shekara, a 2026 da 2027 yana kamawa a Fabrairu, wato ruguntsumin aure na kafin azumi yana faɗawa daidai lokacin da Chennai ke cikin hayaniyar Pongal. Idan kika jira Janairu kafin ki yi oda, kin makara ta ko'ina.

Maman Nana, Runjin Sambo:

Allah ya saka da alheri, na ƙaru ƙwarai. Saura biyu. Da yawan masu sayena laffaya za su yi da shi, ko zai yi? Sannan yaya zan adana masu tsadar a shago, da ƙurar nan tamu?

Hajiya Mai Lefe, Mabera:

Laffaya sai da mara nauyi, 'yar uwa. Shifon, jojet, Sungudi mai laushi. Kanchipuram yana da tauri, ba ya bin jiki, kuma a zafin Afrilu da ke haura digiri 40 ba mai iya naɗa kusan kilo guda ta fita. Shi a yi masa ɗaurinsa na asali don biki da dare, ko tela ya yanka a yi doguwar riga, bakin ya sauka a ƙasa da hannu, pallu ya zama gaba ko mayafi. Sannan sari bai kai yawancin laffaya faɗi ba. Doguwar mace idan ta ɗaure shi ta rufe kai, ƙafa za ta fito. Ki ajiye tef a shago ki auna a gabanta, inci 48 za ki nema wa dogaye. Idan ƙyallen riga na jikinsa, a yanke shi tukuna, akwai layi da ke nuna iyakarsa, in ba haka ba tsawon zai yi yawa.

Wadda za ta yi ɗaurin Indiya tana buƙatar abu uku da ba su zuwa da sarin: fatari mai zariya kalar jikin sarin, rigar da aka ɗinka daidai jikinta, da wani ƙyallen auduga mai faɗin inci biyar da tsawon mita biyu da 'yan kai, da ake ɗinkawa ta ciki a bakin ƙasa. Shi ke ba sarin nauyi ya sauka daidai, ya kuma kare bakin daga takalmi. A jiƙa ƙyallen nan ya bushe kafin a ɗinka, don yana shiga, idan ya shiga bayan ɗinki sai bakin ya tattare. A ɗinka shi da hannu, allurar keke tana fasa zari. Ki sayo su dozin biyu tare da kayan, kala-kala, ba su da nauyi. Ƙarshen sari biyu kuma a kalmashe su siriri don kada zare ya zare.

Adana: kowane siliki a naɗe shi cikin farin ƙyallen auduga da aka wanke, ba leda ba. Leda tana riƙe gumi a damina, zari ya yi baƙi. A ninke shi zarin na ciki. Duk wata uku a warware, a sha iska a inuwa, a canza layin ninki. Kada a ɗora fiye da huɗu ko biyar a kan juna, kada a rataye shi a ƙarfe ya daɗe. Kafur kada ya taɓa jikinsa, a ɗaure shi a ƙyalle a kusurwar durowa, ko a sa busasshen ganyen dogon yaro. A hunturu durowa mai murfi, na nuni guda ɗaya kawai a waje, shi ma nesa da ƙofa, domin rana tana cinye kala a gefen da take bugu.

Babban abin da ke lalata shi a garin nan turare ne. Humra tana barin tabon mai da ba ya fita, hayaƙin turaren wuta kuma yana dusashe azurfar. Ki gaya wa duk mai saye ta turara jikinta da fatarin, ta bari ya lafa, sannan ta ɗaura. Idan kina kunna kasko a shago, durowar silikin ta kasance a rufe.

Wanki: siliki a kai wa masu wankin inji marar ruwa, kada a ba mai wanki da guga na unguwa ya buga shi da omo. Guga ta baya, wuta kaɗan, da ƙyalle a tsakani, ba a fesa ruwa don yana barin zobe. Sungudi yana zuba a wanki biyu ko uku na farko, a wanke shi shi kaɗai da ruwan sanyi, kada a jiƙa shi ya kwana, a shanya a inuwa. Ki rubuta wannan a 'yar takarda ki saka cikin kowace leda, in ba haka ba sai a dawo miki da shi a ce kin sayar da mai zuba.

Alhaji Mai Yadi:

Ƙari ɗaya kan farashi. Kuɗin jirgi ki raba shi da kilo, ba da yawan guda ba. In kin raba da guda, shifon mai gram 400 zai ɗauki nauyin siliki mai gram 800, ya yi tsadar da za a bar miki shi a tafi Kantin Kwari. Kuma ki sa farashi da canjin ranar da za ki sake saye, ba na ranar da kika saya ba.